Waiwaye: Daga Ina Zancen Digirin Farmasi Cikin Shekara Uku Ya Fito?

Ɗiyar ƙanwata ta ci bak ɗinta, wato jarrabawar kammala sakandare, a nan Damagaram, kuma tun tana ƙarama burinta ta zama farmasiyan. Ran nan bayan magariba ta miƙo mini waya a tsakar gida, tana nuna mini wata tallar karatun farmasi. "Kawu, duba wannan. Sun ce a Amurka shekara uku ake gamawa. To mu me ya sa sai shida ko fiye?" Na ji zafin tambayar, domin na san halin gidansu, kowace shekara ta karatu nauyi ce a kan mahaifinta. Abin da ta gani ba ƙarya ba ne, sai dai rabin labarin aka ba ta.

A Amurka karatun haɗa magani ya yi ta tsawo ne tun farkon ƙarnin da ya wuce. A 1932 aka tsayar da shekara huɗu, a 1960 aka mayar da shi biyar. Jami'ar Kudancin Kalifoniya ce ta fara digirin dokta na farmasi, wanda suke kira PharmD, a 1950, kuma tun daga shekarar 2000 shi kaɗai ne ƙofar shiga sana'ar ga sababbin ɗalibai. Tsarinsa shi ne aƙalla shekara biyu na share fage a jami'a, ana karanta kimiyyar sinadarai da ta halittu, sannan shekara huɗu na farmasi zalla.

Cikin wannan tsawon ne aka nemi hanyar ratse. Wasu jami'o'i suna ɗaukar yaro kai tsaye daga sakandare su riƙe masa gurbi har ya kammala cikin shekara shida, ba sai ya sake neman shiga ba. Wasu kuma, irin Jami'ar Fasifik da ke Kalifoniya, suna matse shekara huɗun nan su koma uku. Ba darasi suke yankewa ba, hutu suke cinyewa. Ɗalibi yana aji rani da damina, babu dogon hutun ƙarshen shekara. Hukumar da ke tantance makarantun ba ta rage masa komai: sai ya cika aƙalla awa 1,440 na aikin horo a asibiti da farmasi a zangon ƙarshe, sannan ya zauna jarrabawar lasisi ɗaya da kowa. Wato ukun da ɗiyata ta gani suna zuwa ne bayan biyun farko. Daga bak a ƙirga, biyar ke nan mafi ƙaranci, kuma biyar masu tsada, waɗanda ba sa barin mutum ya yi wani aikin neman kuɗi a gefe.

Mu kuwa a wannan yanki mun taɓa ɗanɗana gajeren karatu, kuma ba don amfaninmu aka yi shi ba. A 1918, lokacin Damagaram ce hedkwatar mulkin Nasara a Nijar kafin a mayar da ita Yamai a 1926, Faransawa suka buɗe makarantar likitanci a Dakar. Can aka riƙa horar da ƴan Afirka ta Yamma a matsayin mataimakan likita da mataimakan farmasiyan da ungozoma. Felis Ufuwet-Buwanyi, wanda ya zama shugaban Kodibuwa na farko, ma can ya fito a 1925. An gajarta musu karatu, aka kuma gajarta musu matsayi: komai ƙwarewar mutum, a ƙarƙashin Bature yake aiki, takardarsa ba ta kai ta Faransa ba. Sai a shekarun 1950, da makarantar ta hau turbar zama jami'a, wadda aka kafa a 1957, aka fara daidaita karatun da na can. Shi ya sa idan na ji dattawan ma'aikatan lafiya suna ɗari-ɗari da kalmar "gajeren karatu" nake fahimtarsu. Sun san iyayen gidansu da aka tsayar a rabin tsani.

Bayan samun ƴancin kai a 1960, ƙasa ta fi gaggawar samun maganin kansa a kan samun mai haɗa shi. A 1962 aka kafa ONPPC, hukumar magunguna ta gwamnati, wadda ta riƙa shigo da magani tana rarrabawa ta farmasin gwamnati a garuruwa. Jami'ar Yamai ta zo a farkon shekarun 1970, ta kuma shiga horar da likitoci, amma shekaru da dama wanda ke son farmasi sai ya yi ƙaura zuwa Dakar ko Bamako ko Abijan ko ƙasashen Magrib. Kaɗan ke tafiya, kuma da sun dawo yawancinsu Yamai ke riƙe su. Mutumin Tanut ko Gure ko Magarya ya saba da depo da mai tebur, bai saba da farmasiyan ba.

Giɓin nan mun biya shi da tsada. Da aka karya darajar sefa a watan Janairun 1994, kuɗin maganin da ake shigowa da shi ya yi tsalle, sai ƙwayoyi suka bazu a faranti da kwali, a tasha da bakin Kasuwar Dole, rana tana dukansu. Shekara guda bayan haka, a annobar sanƙarau ta 1995, aka yi wa mutum fiye da 50,000 allurar rigakafi ta jabu, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutuwar mutum 2,500. Duk wanda ya ce muna buƙatar masu ilimin magani da yawa, kuma da wuri, ina tare da shi. Inda nake tsayawa shi ne a kan abin da za a rage.

Maƙwabta ma ba rage karatun suke yi ba. Nijeriya, inda aka daɗe ana shekara biyar, ta karkata zuwa digirin dokta na shekara shida. A Faransa ma abin da suke kira gajeren zango, na mai buɗe farmasi a gari, shekara shida ne. Abin da waɗannan ƙasashe suke da shi, wanda nake kwaɗayinsa gare mu, shi ne gada: wanda ya riga ya mallaki wata takarda ta kimiyya ko ta lafiya yana iya shiga aji na biyu ba sai ya koma farko ba. Ka duba mutanen da makarantar lafiya ta nan Damagaram ta yaye, waɗanda suka shekara goma suna karanta takardar likita suna ba da magani a karkara. Irinsu ne suka cancanci a ƙirga musu abin da suka sani, a buɗe musu ƙofa da jarrabawa mai tsauri.

Sannan akwai ɓarnar da tallar waya ba ta ambata. Ɗalibinmu ba yawan darasi ke tsufar da shi ba. Yajin aiki ne, da jinkirin tallafin karatu, da shekarar da ake farawa a makare har ta hau kan wadda ke biye, kamar yadda aka sha fama tun shekarun 1990. Shida a takarda sai ta zama takwas a ƙasa. Da za a ce wata tara na karatu wata tara ne, da mun samu saurin da Amurkawa ke saye da hutunsu ba tare da mun taɓa manhaja ba. Jami'ar Damagaram, wadda aka kafa a 2010 take ɗauke da sunan Andire Salifu yanzu, ƙarama ce, kuma tana da tsangayar kimiyyar lafiya; ina fatan wannan darasi ta riƙe tun da wuri.

Na ce wa ɗiyata ta rubuta wa masu tallar tambaya uku kafin a biya ko dala: ukun nan daga bak ake ƙirgawa ko bayan share fage, awa nawa za ta yi a gaban marasa lafiya, kuma shin CAMES, hukumar daidaita takardun jami'a da aka kafa a Yamai a 1968, da ma'aikatar lafiya ta ƙasarmu za su karɓi takardar har a yi mata rajista. Ta aika tun makon jiya. Kafin amsa ta zo, mahaifinta ya fara haɗa mata takardun shiga tsangayar kimiyyar lafiya ta Yamai.