Drama Club of Evanston: ƙungiyar wasan kwaikwayo ta matan garin Evanston

Drama Club of Evanston ƙungiya ce ta mata masu sha'awar wasan kwaikwayo wadda aka kafa wajajen 1909 a garin Evanston, jihar Illinois, ƙasar Amurka. Membobinta ba 'yan wasa ba ne masu cin abinci da sana'ar. Akasarinsu matan aure ne masu rufin asiri da ilimin boko, waɗanda suka soma da haɗuwa a falon gida suna karanta wasanni a bayyane. An fi tunawa da ƙungiyar saboda abin da ta haifa: a 1910 ita ce ta kira taron da ya kafa Drama League of America, babbar ƙungiya ta ƙasa baki ɗaya wadda ta yi shekara 21 tana aiki. 'Yar ta fi uwar suna nesa ba kusa ba, shi ya sa tarihin ƙungiyar Evanston ɗin galibi a cikin tarihin waccan ake tsintar sa.

Garin da aka kafa ta

Evanston yana bakin tafkin Michigan, kimanin kilomita 19 arewa da tsakiyar birnin Shikago. A ƙidayar 1910 mutanensa ba su cika 25,000 ba. Garin ya girma ne a kewayen Jami'ar Northwestern, wadda mabiya ɗarikar Kirista ta Metodis suka kafa a 1851, kuma sunansa ya samo asali daga John Evans, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa jami'ar. Tun 1855 dokar kafa jami'ar ta haramta sayar da giya a cikin mil 4 daga harabarta, kuma garin bai halatta sayar da ita ba sai a 1972. A nan ne gidan Frances Willard yake, matar da ta jagoranci babbar ƙungiyar mata Kiristoci masu yaƙi da shan giya daga 1879 har rasuwarta a 1898.

Wannan hali na garin yana da nasaba kai tsaye da batun wasan kwaikwayo. A 1872 majami'ar Metodis ta sa zuwa gidan wasa cikin jerin abubuwan da ba su dace da mabiyanta ba, tare da rawa da caca da sukuwar dawaki, kuma ba ta sassauta wannan doka ba sai a 1924. Ke nan matan da suka kafa ƙungiyar wasan kwaikwayo a Evanston sun yi haka ne a garin da da yawa daga cikin dattawansa ke ganin dandamali mashigar lalacewa ce. Hanyar da ta ɓulle musu ita ce karatu. Ba mai ƙyamar mace ta zauna da littafi a hannu, ko da kuwa littafin wasa ne.

Al'adar ƙungiyoyin mata kuwa ta riga ta kafu a garin. Elizabeth Boynton Harbert ta kafa Woman's Club of Evanston a 1889, shekara guda kafin a haɗa irin waɗannan ƙungiyoyi na Amurka a ƙarƙashin inuwa ɗaya a 1890. A cikinsu ne matan da ba su da ikon jefa ƙuri'a suka koyi rubuta tsarin mulkin ƙungiya, zaɓen shugabanni, riƙe asusu da tafiyar da taro. Matan Illinois ba su sami damar zaɓen shugaban ƙasa ba sai a 1913.

Asali

Wadda ta assasa ƙungiyar ita ce Alice C. D. Riley, 'yar asalin garin Morrison a Illinois, wadda aka haifa a shekarun 1860, ta rasu a 1955. Kafin ta shiga harkar wasan kwaikwayo ta yi suna wajen rubuta baitocin waƙoƙin yara, waɗanda Jessie Gaynor ke sa wa kiɗa, kuma an yi ta rera su a makarantun ƙananan yara a faɗin Amurka tun ƙarshen shekarun 1890. A takardun wancan zamani an fi kiranta da sunan mijinta, Mrs. Harrison B. Riley. Haka aka yi wa kusan dukan matan ƙungiyar, abin da ke sa mai bincike ya sha wuya kafin ya gano sunan yankan kowacce.

A farkon shekarun 1900, galibi 1901 ake ambata, Riley ta soma tara ƙawayenta a gidanta don karatu. Wannan zama shi aka riƙa kira Riley Circle. Sannu a hankali karatun ya karkata ga wasan kwaikwayo, kuma lokacin ya zo daidai da shigowar sababbin wasannin Turai cikin harshen Ingilishi: na Henrik Ibsen ɗan Norway, da George Bernard Shaw, da Maurice Maeterlinck ɗan Beljiyam, da marubutan Ayalan irin su Yeats da Synge. Wasanni ne masu taɓo aure, gado, bashi, munafuncin manya da matsayin mace a gidan miji, kuma ba kasafai manyan gidajen wasa na kasuwa ke kawo su ba. A irin waɗannan ƙungiyoyi akan raba wa mata matsayin 'yan wasa, kowacce ta karanta nata, har da na maza, sannan a tattauna. Daga karatu a zaune zuwa tashi tsaye a kwaikwaya tazara ce kaɗan.

Da mahalarta suka yi wa falo yawa, sai aka mai da zaman ƙungiya mai tsari da suna da shugabanni. Yawancin bayanai suna sa wannan a 1909.

Taron 1910

Abin da ya dame su shi ne halin da kasuwar wasan kwaikwayo ke ciki. A 1896 wasu attajirai shida, cikinsu har da Charles Frohman da Marc Klaw da Abraham Erlanger, suka haɗa kai suka mamaye harkar tsara wane ayarin 'yan wasa zai je wane gari, a wane gidan wasa, a wace rana. Daga baya 'yan'uwan nan na gidan Shubert suka taso suka yi gogayya da su, amma su ma a kan hanya ɗaya suka tafi. Daga Niyok ake yanke shawarar abin da mutumin Shikago ko na ƙaramin gari zai kalla, ma'auni kuwa kuɗin ƙofa ne. Wasan da bai cika zaure a makon farko ba sai a naɗe shi, komai kyansa.

Matan Evanston suka lura cewa mata ne mafi yawan masu sayen tikiti, musamman a wasannin rana. Suka yi lissafin cewa in 'yan kallo suka haɗa kai, suka riƙa cika zaure duk lokacin da aka kawo wasa mai ma'ana, dole masu gidajen wasa su ci gaba da kawo irinsa. Ba su nemi a hana kowa komai ba, aljihun mai kasuwa suka nufa.

A watan Maris na 1910 ƙungiyar ta gayyaci wakilan ƙungiyoyi fiye da 60 na Shikago da kewaye zuwa taro a majami'ar First Congregational da ke Evanston. Cewa a cikin majami'a aka zauna shawarar yadda za a ƙarfafa zuwa gidan wasa, wannan kaɗai ya nuna yadda matan suka san garinsu. A ranar 25 ga Afrilu, 1910, aka sake zama a Art Institute, gidan adana kayan fasaha na Shikago, aka amince da tsarin mulki, aka kafa Drama League of America. Marjorie Ayres Best, wadda aka sani da Mrs. A. Starr Best, 'yar ƙungiyar Evanston ce, ita ce ta zama shugaba ta farko, kuma ta daɗe tana cikin masu jan ragamar ƙungiyar bayan haka.

Yadda aka tafiyar da aiki

Babban makamin sabuwar ƙungiyar shi ne takardar sanarwa. A kowane babban reshe akwai kwamitin kallo. Idan sabon wasa ya zo gari, 'yan kwamitin su je daren farko, in sun ga ya cancanta sai a buga gajeriyar takarda a aika wa membobi ta gidan waya cikin gaggawa, a kuma liƙa ta a ɗakunan karatu da makarantu, don mutane su je tun wasan bai tashi ba. Wasan da bai yi musu ba kuwa ba sa cewa komai a kansa. Sun san cewa zagi talla ne, wasan da aka ce na batsa ne shi jama'a za su yi wa tururuwa. Saboda haka shirun nasu shi ne hukuncin.

Ɓangare na biyu shi ne ilimantarwa, kuma nan ne gadon falon Riley ya fi fitowa fili. An shirya manhajojin karatu domin ƙungiyoyin mata na ƙananan garuruwa, da jerin wasannin da suka dace da makarantu da 'yan sha'awa, aka kuma riƙa matsa wa ɗakunan karatu na jama'a su sayi littattafan wasan kwaikwayo. Daga 1911 aka soma fitar da mujalla mai suna The Drama, duk wata uku, wadda a shekarunta na farko take buga cikakkiyar fassarar wasannin ƙetare. A 1919 ta koma fita wata-wata. A farkon shekarun 1920 ana ƙiyasta membobi masu biyan kuɗi sun kai kimanin 23,000 a rassa wajen 100.

Lambun Shakespeare

A 1916 aka cika shekara 300 da rasuwar William Shakespeare, kuma Drama League ce kan gaba wajen shirya bukukuwan tunawa da shi a Amurka: wasanni a fili, jerin gwano cikin tufafin zamanin da, da shirye-shiryen makarantu. Cikin shawarwarin da ta bayar har da dasa lambuna na furanni da tsirran da aka ambata a rubuce-rubucensa. Garden Club of Evanston, wata ƙungiyar mata ta garin, ta karɓi shawarar a 1915. Jens Jensen, shahararren mai tsara lambuna ɗan asalin Denmak, shi ya zana lambun, aka dasa shi a harabar Jami'ar Northwestern, aka kewaye shi da shingen itatuwa masu ƙaya. A 1988 aka sa shi cikin rajistar wuraren tarihi ta ƙasa.

Komawa ga wasan 'yan sha'awa

Dabarar juya akalar kasuwa ta hanyar 'yan kallo ba ta yi nasarar da aka zata ba. Kuɗin jirgin ƙasa ya hau, silima ta ƙwace 'yan kallo masu ƙaramin ƙarfi, ayarin 'yan wasa masu yawo gari-gari suka yi ta raguwa. A garuruwa da dama babu ma wasan da za a yaba a takardar sanarwa. Sai ƙungiyar ta ƙara mai da hankali ga taimaka wa mutane su yi nasu wasan da kansu: gasar rubuta wasanni, kwasa-kwasan bazara na koyar da shirya wasa da tsara dandamali, wasannin yara da na majami'u.

Wannan ya haɗe da yunƙurin ƙananan gidajen wasa da ya taso a lokacin. A Shikago akwai 'yan wasan Hull House, wata cibiyar taimaka wa talakawa da baƙi, ƙarƙashin Laura Dainty Pelham, da Chicago Little Theatre wanda Maurice Browne da Ellen Van Volkenburg suka buɗe a 1912. A ƙananan garuruwa da yawa reshen Drama League ne ya rikiɗe ya zama ƙungiyar wasa ta gari. Ita kanta Riley ta rubuta gajerun wasanni masu fitowa ɗaya da wasannin yara domin irin waɗannan ƙungiyoyi.

A cikin Evanston, Winifred Ward ta Jami'ar Northwestern ta shigar da wasan kwaikwayo cikin darussan makarantun gwamnati a 1924, ta kuma kafa Children's Theatre of Evanston a 1925, ta riƙe shi har ta yi ritaya a 1950. Aikinta na jami'a da hukumar makarantu ne, ba na Drama Club ba, amma a garin da matan suka riga suka share fage aka yi shi.

Suka

Wasu masu sharhin Niyok sun ɗauki ƙungiyoyin a matsayin taron matan masu hali marasa aikin yi, masu son wasa mai ladabi fiye da mai kaifi. Wasan barkwancin George Kelly na 1922, The Torch-Bearers, ya yi wa irin waɗannan mata ba'a. Masana tarihi na baya-bayan nan sun fi ganin cewa su ne suka gina 'yan kallon da wasan kwaikwayo na zamani ya dogara da su a Amurka, tare da amincewa cewa ƙungiyoyin kusan duk na fararen fata ne masu hali.

Bayan 1930

Fina-finai masu magana daga 1927 da karyewar tattalin arziki na 1929 sun ƙarasa abin da ya rage. Babbar ƙungiyar ta ƙasa ta rushe a 1931, mujallarta ma ta daina fita a wannan shekarar. Reshen Niyok ya ci gaba da cin gashin kansa, yana nan har yau da sunan Drama League, kuma tun 1935 yake ba da lambar yabo ga ɗan wasan da ya fi fice a shekara. Kantin littattafan wasan kwaikwayo na Drama Book Shop a Niyok shi ma daga wannan reshe ya fito a 1917.

Riley ta taka rawa wajen kafa cibiyar fasaha ta Evanston Art Center a 1929, daga baya ta koma Kalifoniya. Lambun Shakespeare yana nan a harabar jami'a, Garden Club of Evanston ke kula da shi.