Waiwaye: Tun yaushe nas ta samu hurumin gano matsalar marar lafiya?

Taƙaddamar da ake yi a asibitocinmu kan ko ma'aikaciyar jinya tana da hurumin rubuta abin da ta gano a jikin marar lafiya, ko kuwa wannan aikin likita ne shi kaɗai, ta girmi yawancin masu yin ta a yau. Tun zamanin Florence Nightingale a yaƙin Kirimiya a 1854 aka san cewa lura da majinyaci ita ce jigon jinya. A 1953 Vera Fry, wata ma'aikaciyar jinya a Amurka, ta yi maganar cewa nas ma tana da nata binciken, sannan taron ma'aikatan jinya da aka yi a birnin Sen Luwis na Amurka a 1973 ya fara jera matsalolin da sunayensu, aikin da ya haifar da NANDA, ƙungiyar Arewacin Amurka mai tsara sunayen matsalolin da nas ke ganowa, a 1982. Duk wanda ya shiga makarantar koyon jinya ya haddace waɗannan shekaru don jarrabawa.

Abin da ba a cika koyarwa ba shi ne dokar da jihar Niyok ta Amurka ta kafa a 1972. Kafin ta, ma'anar aikin jinya da aka tsara a 1955, wadda jihohi da dama suka kwafa cikin dokokinsu, ta fito fili ta ce gano cuta ba ya cikin aikin nas. Saboda haka ma'aikaciyar da ta kwana a kan marar lafiya, ta ga abin da ba wanda ya gani, tana iya faɗa da baki amma ba ta da ikon yanke hukunci a rubuce. Dokar 1972 ta raba gardamar ta hanyar da ba ta ƙwace wa kowa aikinsa ba: likita ya gano cutar, nas kuma ta gano yadda jikin mutum da hankalinsa suka karɓi cutar, kuma dokar da kanta ta bayyana cewa waɗannan bincike biyu ne mabambanta.

A ɗauki dattijon da aka kwantar saboda shanyewar ɓarin jiki. Likita zai rubuta sunan cutar da maganin hawan jini, ya wuce gado na gaba. Nas ce za ta lura cewa kunu yana sarƙe shi idan an ba shi a kwance, cewa fatar ƙugunsa ta fara ja alamar gyambon kwanciya, cewa ya daina magana da 'ya'yansa tun da fitsari ya fara kufce masa. Kowanne daga cikin waɗannan yana iya halaka shi ko ya tsawaita jinyarsa, alhali babu ɗaya da yake cikin sunan cutar.

Makarantunmu sun karɓi tsarin binciken nas da takardunsa, amma a ganina wannan rarrabewa ce ba ta iso da ƙarfinta ba, shi ya sa wasu suke ɗaukar takardar a matsayin shisshigi, wasu kuma suke cike ta a gurguje bayan an tashi aiki, musamman a ɗakin da nas ɗaya take riƙe da gadaje masu yawa cikin dare.