Ladubban Kamun Kifi a Kan Ƙanƙara da Tazara Tsakanin Masunta

Ladubban kamun kifi a kan ƙanƙara su ne ƙa'idojin zaman tare da masunta ke bi a ƙasashe masu tsananin sanyi, inda tafki kan daskare da hunturu har mutane su hau samansa, su huda ƙanƙarar, su zura ƙugiya cikin ruwan da ke ƙasa. An fi sanin irin wannan su a jihohin Minesota, Wiskonsin da Mishigan na Amurka, da lardin Ontariyo na Kanada, da Finland, Suwidin da Rasha. Kaɗan daga cikin ƙa'idojin ne hukuma ta rubuta, sauran al'ada ce da sabon shiga ke koya a wurin na gaba da shi, wani lokaci ta hanyar shan harara. Wadda aka fi jayayya a kanta ita ce ta tazara, wato iya kusancin da ya dace mutum ya huda raminsa da na wanda ya riga shi zuwa.

Tushen matsalar

A yawancin waɗannan wurare ruwan tafki na jama'a ne. Mai gida a bakin tafkin bai mallaki ƙanƙarar da ke gaban gidansa ba, wanda ya kafa bukka a kanta shi ma bai mallaki wurin ba. Kifi kuwa ba ya watsuwa daidai wa daida a cikin ruwa. Yakan taru a gefen ciyayin ƙarƙashin ruwa, ko kan tudun duwatsu, ko inda ƙasa ta gangara farat ɗaya zuwa zurfi. Tafki na iya kai faɗin gari guda, amma inda kifi ke cin ƙugiya a ranar bai wuce filin ƙwallo ba.

Gano irin wannan wuri aiki ne. A tsakiyar hunturu kaurin ƙanƙara a arewacin Minesota kan wuce ƙafa 2, kuma mai nema na iya huda ramuka da dama tun kafin ketowar alfijir, yana auna zurfi, yana matsawa gaba, kafin ya dace. Da zarar ya dace kuma ba shi da mafaka. Saman tafki fili ne fetal, fari tas, babu bishiya babu katanga. Daga nesa ana hango sandarsa ta lanƙwasa, ana ganin kifin da ya ciro yana wutsil-wutsil a kan ƙanƙara. Wanda ya iso da hantsi bai sha wahalar nema ba, sai ya nufo can kai tsaye ya huda kusa da shi. Doka ba ta hana shi ba, amma masunta na kallon hakan a matsayin cin gumin wani.

Akwai kuma wani bambanci da kamun kifi na damina. Mai kwale-kwale idan an matse shi sai ya tuƙa ya yi gaba. Mai su a kan ƙanƙara ya riga ya huda ramuka, ya kafa tanti, ya kunna murhun ɗumama jiki, tashi a gare shi kamar kwashe kaya ne a bar gida.

Abin da doka ta ce

Minesota na cikin jihohin da suka sa lamba a kan batun: dokarta ta hana kafa bukkar kamun kifi ƙasa da ƙafa 10, kimanin mita 3, daga wata bukkar da aka riga aka kafa. Wannan iyaka ce ta ƙarshe kawai. Wanda ya kafa bukkarsa ƙafa 11 daga ta wani a tafkin da babu kowa bai karya doka ba, amma ba zai samu wanda zai goyi bayansa ba. Dokar jihar ta kuma ce a yi ƙofar bukka yadda za a iya buɗe ta daga waje idan akwai mutum a ciki, a rubuta sunan mai ita ko lambar shaidarsa a jiki idan zai tafi ya bar ta, a manna mata abin ƙyalli idan za ta kwana a kan tafki domin masu tuƙi da dare su gan ta. Akwai wata dokar dabam da ta hana tsangwamar mai farauta ko mai kamun kifi da niyyar ɓata masa aiki.

Yawan igiyoyin da aka yarda mutum ya zura shi ma yana shafar faɗin wurin da zai mamaye. A Minesota igiya 2 ce a yawancin tafkuna, a Wiskonsin da Mishigan 3, a mafi yawan ruwayen Ontariyo 2. Masunta na amfani da wani tarko mai tuta: katako ko roba ne da ake gicciyawa a bakin rami, zaren yana cikin ruwa, idan kifi ya ja sai ƙaramar tuta ta miƙe tsaye. Minesota ta ce kada mai tarkon ya yi nisa da shi fiye da ƙafa 200, Ontariyo ta ce mita 60 kuma yana hangen igiyarsa ba tare da wani abu ya kare ta ba. Saboda haka mutum 4 da suka zo tare suna iya baza tutoci a fili mai faɗi, kuma a al'ada duk abin da ke tsakanin bukkarsu da tutarsu ta ƙarshe wurinsu ne na wannan yinin. Ba a huda rami a tsakiyar tutocin wani, ba a ratsa su da mota ko babur ɗin dusar ƙanƙara. Idan tutar maƙwabci ta tashi bai lura ba, sai a ƙwala masa kira, amma ba a taɓa igiyar sai ya ce a taɓa.

Ma'aunin al'ada

Babu lamba guda da kowa ya yarda da ita, domin tazarar da ta dace tana bin yawan jama'ar da ke kan tafkin. A wuraren da aka daɗe da sani, inda bukkoki kan taru kowace shekara har su zama kamar ƙaramin ƙauye, kusanci ba laifi ba ne. Duk wanda ya kafa a can ya san zai ji tarin maƙwabcinsa. Wanda kuwa ya ja kayansa ya yi tafiya mai nisa ya zauna shi kaɗai, zamansa ma sanarwa ce cewa ba ya son cunkoso. Wasu masunta kan auna da kunne: idan kana jin hirar mutane alhali ba su ɗaga murya ba, ka matso da yawa.

Abin da ya fi warware rikicin shi ne magana. Mutum ya ajiye injin hudarsa can baya, ya tako da ƙafa, ya gaisa, ya tambaya ko akwai damuwa idan ya zauna ta wannan ɓangaren. Sau da yawa wanda aka tambaya kan amince, har ya faɗi zurfin da kifin yake da irin abincin da yake ci, musamman idan ya ga yara a tare da baƙon. Mutumin nan da zai ba da wuri da fara'a idan an tambaye shi, shi ne zai fusata idan ya ɗago kai ya ga injin na huda a bayansa ba ko sallama. Tambayar ma tana da iyaka. A tambayi mutum ko kifi na ci, wannan gaisuwa ce. A leƙa cikin bokitinsa ko a buɗe ƙofar tantinsa ba izini, wannan shisshigi ne. Haka wanda abokinsa ya kai shi wani wuri na sirri, ba a so ya komo da ayari washegari, ko ya sa hoton a intanet da alamun da za su tona wurin.

Ramukan da aka huda aka bari su ma suna da hukunci. Masu neman kifi da yawo kan huda jeri guda su riƙa zagayawa a tsakaninsu, don haka rami mara kowa ba lallai ne an bar shi ba. Idan akwai bokiti ko sanda ko sabon sawu a kusa, mai shi na nan. Idan ya kwashe kayansa ya tafi, ramin ya zama na duk wanda ya samu.

Ƙara, haske da na'urori

Masunta da yawa sun yi imanin cewa ƙara a saman ƙanƙara na korar kifi, musamman a ruwa mara zurfi da farkon hunturu, lokacin da ƙanƙarar ke garau babu dusa a kanta. Shi ya sa ake ƙin mai huda ramuka daidai fitowar rana ko faɗuwarta, lokacin da kifi ya fi ci. Mai ladabi kan gama hudarsa kafin lokacin. Injinan huda masu batir da suka yaɗu a 'yan shekarun nan sun rage ƙarar da masu amfani da fetur ke yi, sai dai wata ƙarar ta maye gurbinta: manyan bukkoki masu taya, da ake ja da mota kamar tirela, suna da gadaje da talabijin da murhu, kuma janaretansu kan kwana yana aiki. Ana so a ajiye shi ta ɓangaren da ba ya fuskantar maƙwabta, a rage kiɗa, a kashe fitilun mota idan an tsaya.

Na'urar da ke nuna kifi a ƙarƙashin ruwa ta hanyar aika sauti ta kawo nata dalilin na ba da tazara. Idan guda biyu suka yi kusa, sautin ɗaya kan shiga allon ɗayar ya cika shi da layukan ƙarya. Tun da kamfanin Garmin ya fito da LiveScope a 2018, mai nuna motsin kifi kai tsaye har zuwa gefe, an samu masu bin garken kifi suna huda duk inda ya nufa, ko da ya nufi ƙarƙashin bukkar wani. Wannan sabuwar jayayya ce da tsofaffin ƙa'idoji ba su hango ba.

Hanyoyi da ramuka masu haɗari

A manyan tafkunan Minesota irin su Mille Lacs, Lake of the Woods da Upper Red Lake, masu masaukin baƙi ne ke share hanyoyin mota a kan ƙanƙara, suna karɓar kuɗin shiga. Huda rami a kan hanyar ko dab da ita babban laifi ne a wurinsu: nauyin dusar da aka tara a gefe yana danne ƙanƙarar, ruwa ya ɓulɓulo ta ramin ya malale hanya, motoci su maƙale. Gudu da mota kusa da bukkoki ma abin ƙi ne, domin yana tayar da igiyar ruwa a ƙarƙashin ƙanƙara wadda ke iya tsaga ta.

A tafkin Winnebago na Wiskonsin, inda ake sukar wani ƙaton kifi da mashi daga Asabar ta biyu ta watan Fabrairu, ana yanka rami mai faɗin da ƙaton mutum zai faɗa ciki. Wajibi ne wanda ya ɗauke bukkarsa ya kafa sanduna a bakin ramin. Ƙungiyoyin masunta na yankin kan jera tsofaffin bishiyoyin Kirsimeti su nuna hanya, bishiyar da aka kwantar kuma alama ce ta haɗari, don haka ba a so kowa ya taɓa su.

Tazara kan zama batun rai idan ƙanƙara ba ta yi kauri ba. Hukumar kula da albarkatun ƙasa ta Minesota na ba da shawarar inci 4 na sabuwar ƙanƙara garau kafin a taka da ƙafa, kuma farar ƙanƙara mai haɗe da dusa ƙarfinta kusan rabin na garau ne. Tara motoci wuri guda na nufin tara nauyi. A nan kuma ƙa'idar kame baki ba ta aiki: wanda ya ga tsaga ko wuri mai rauni dole ya faɗa wa na kusa da na nesa. A watan Nuwamba na 2022 wani ɓangaren ƙanƙara ya ɓalle a Upper Red Lake, sai da aka kwaso mutum kusan 200.

Inda cunkoso ya zama abin nema

A gasa ana jingine ma'aunin al'ada a ɗauki na alƙalai. A gasannin Finland da Rasha tazarar da aka saba sawa tsakanin masu fafatawa mita 5 ce, kuma da zarar wani ya fara ciro kifi sai a ga sauran sun zagaye shi daidai wannan iyaka, abin da a ranar da ba gasa ba zai jawo faɗa. A Finland kamun kifi da sanda guda ta ramin ƙanƙara haƙƙi ne na kowa, ba a sayen lasisi dominsa. A Minesota, gasar da ake yi a tafkin Gull kusa da garin Brainerd tun 1991 kan tara mutum wajen 10,000 a cikin ramukan da aka huda tun kafin su iso, kafaɗa da kafaɗa. Bikin kifi na Hwacheon a Koriya ta Kudu, da aka fara a 2003, ya fi haka cunkoso, kuma babu mai zuwa can don neman kaɗaici.

Iyaka da shara

Akwai iyakar da ba ta ganuwa a kan farin fili amma tana da ƙarfin doka. Wani ɓangare na Upper Red Lake da dukan Lower Red Lake suna cikin ƙasar al'ummar Red Lake, reshen 'yan asalin ƙasar na Ojibwe, kuma wanda ba ɗan al'ummar ba ne ba shi da izinin tsallakawa ya yi su a can.

Shara ce ta fi komai ɓata tsakanin masunta da mazauna bakin tafki. Abin da aka yar a kan ƙanƙara, daga gwangwani da katakon da ake tokare bukka da shi har ledar bayan gida, dusa kan rufe shi, idan ƙanƙarar ta narke ya nutse ko ya taso gaɓa. Gangamin tsaftace ƙanƙara da aka fara a Lake of the Woods a 2012 ya bazu zuwa wasu tafkuna, kuma daga 1 ga Yuli, 2023 Minesota ta haramta ajiye shara ko ƙazantar mutum ko ta dabba kai tsaye a kan ƙanƙara, sai a cikin mazubin da ke ɗaure da bukka ko abin hawa. Tarar dala 100 ce. Bukkokin kansu suna da ranar kwashewa: a kudancin jihar da tsakiyarta Litinin ta farko ta watan Maris, a arewa Litinin ta uku, a ruwayen da ke kan iyaka da Kanada kuwa 31 ga Maris.