Waiwaye: Monkees da tsohuwar gardamar mawaƙin gaske

Tun da waƙoƙin da kwamfuta ke haɗawa suka fara cika intanet, ake ta ce-ce-ku-ce a kan wane ne mawaƙin gaske, wane ne na bogi. Wasu na magana kamar jiya aka fara, alhali a Amurka gardamar ta doshi shekara 60.

A 1965 aka buga talla a jaridun Hollywood ana neman samari huɗu da za su fito a wani shirin barkwanci na talabijin a matsayin 'yan ƙungiyar kiɗa. Sama da mutum 400 suka nema. Davy Jones, Micky Dolenz, Michael Nesmith da Peter Tork ne suka dace. Shirin mai suna The Monkees, wanda shi ne kuma sunan ƙungiyar, ya fara a tashar NBC a Satumban 1966, ya ci kyautar Emmy biyu (lambar yabo ta shirye-shiryen talabijin a Amurka), ya ƙare a 1968 bayan fitowa 58. A fayafayansu na farko muryoyin nasu ne, kiɗan kuwa na ƙwararrun makaɗan sutudiyo, abin da manyan ƙungiyoyin Los Angeles ma ke yi a lokacin.

Har zuwa nan ban ga abin faɗa ba. Mai kallon fim ɗin Hausa ya san jaruma na motsa baki ne a kan muryar wata, kuma ba ya kiran hakan ha'inci.

Inda al'amari ya juya, kuma ba a cika tunawa da shi ba, shi ne ranar 3 ga Disamba 1966 a birnin Honolulu na jihar Hawaii. Ranar ce aka fara sayar wa jama'a tikiti su zo su ga 'yan wasan talabijin suna kiɗa ido da ido. A dandali babu yanke hoto, babu a sake ɗauka. Nesmith da Tork dama makaɗa ne tun kafin shirin, amma Dolenz ɗan wasa ne da aka zaunar a bayan ganguna, sai da ya duƙufa ya koya. Suka hau, suka buga mafi yawan kiɗan da hannunsu a gaban dubban matasa masu ihu. Wanda ya yi wannan dare bayan dare, ta yaya zai koma sutudiyo ya zauna wani ya buga masa jita? Su ma masu kallo daga ranar suka daina ɗaukarsu 'yan wasa, suka fara auna su da ma'aunin makaɗa.

Ba a rufa wata biyu ba Nesmith ya fito ya gaya wa 'yan jarida cewa ba su ne ke kiɗan fayafayan ba. A Mayun 1967 suka fitar da faifai mai suna Headquarters, wanda suka buga yawancinsa da kansu, ya hau matsayi na ɗaya a Amurka. Duk da haka tambarin bogi bai gogu ba. Jones ya rasu a 2012, Tork a 2019, Nesmith a 2021, kuma har suka bar duniya ba a shigar da ƙungiyar cikin Rock and Roll Hall of Fame, zauren karrama fitattun mawaƙa a Amurka, ba.