Kuɗin gyaran kwarin kogi: wa ke bayarwa, wa ke cin moriya?

Kusan kowace shekara sai an ji a rediyo cewa an ware maƙudan kuɗi don farfaɗo da ƙasar da ta mutu da gyaran hanyoyin ruwa, kuma sanarwar takan zo da alkawarin aikin yi da jari ga mutanen yankin. Manomi da makiyayi da masunci suna da haƙƙin sanin yadda abin yake tafiya, domin a kan ƙasarsu za a yi shi.

Wai me ake gyarawa, kogin ko ƙasar?

Duka biyun, amma daga tudu ake farawa. Duk ruwan da ya sauka a wani yanki yana gangarowa ta korama ya haɗu a kogi ɗaya, shi ya sa ake ɗaukar yankin a dunƙule. Idan aka sare itatuwan tudu, ƙasa ta zama fako, ruwa ba ya samun hanyar nutsewa. Sai ya kwararo da ƙarfi, ya tsaga kwazazzabo, ya kwashi yashi ya jibge a fadama. Mai gonar tudu ya yi asarar ƙasa mai taki, mai fadama yashi ya binne masa shuka, rijiyar gari kuma ta ƙafe tun kafin bazara. Maganin shi ne a rage wa ruwa gudu: a jera duwatsu a gicciye a kan gangare, a haƙa rabin-wata da tassa, wato ramukan tare ruwan sama, a datse bakin korama, a shuka bagaruwa da dakwara da ciyawa.

To mene ne haɗin wannan da jari da sana'a?

Masu ba da kuɗin sun sha ganin dashen da aka yi da biki, shekara ta zagayo babu ko ɗaya a tsaye. Itacen da ba shi da mai shi, akuya ke cinye shi. Kuma mutumin da abincin darensa ya dogara ga sayar da itacen girki ba zai bar gatari don an yi masa wa'azin muhalli ba, kuma ban ga laifinsa ba. Saboda haka tallafin yanzu yakan zo da sharaɗi: mai neman kuɗin ya nuna kadada nawa za ta farfaɗo, ya kuma nuna gida nawa ne zai sami ƙarin abin sawa a tukunya, ko ta ladan aiki, ko noman rani, ko kiwo, ko ƙaro da zuma.

An taɓa yi a ƙasar Hausa aka ga amfani?

An yi a Keita, cikin ƙasar Adar, jihar Tawa a Nijar. A 1984, shekarar da fari ya yi wa yankin mummunan kamu, aka fara babban aiki da tallafin gwamnatin Italiya. Hukumar Abinci da Noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya ce ta gudanar da shi, Hukumar Samar da Abinci ta Duniya kuma ta riƙa biyan ma'aikata da abinci.

Mata ne suka ɗauki mafi yawan nauyin. Da rani maza sun tafi ci-rani, sai ga mata a kan tsaunuka da diga da shebur, suna fasa ƙasa mai tauri, suna ɗauko duwatsu a ka ɗaya bayan ɗaya suna jerawa, wasu da goyo a baya. Ladan abincin nan shi ya riƙe gidaje da yawa a lokacin da rumbu ya zama wayam. Cikin kimanin shekara 20 an farfaɗo da kusan kadada dubu 35, an dasa itatuwa wajen miliyan 18, an gina ƙananan madatsun ruwa da rijiyoyi da hanyoyin mota. Da ruwa ya daina wucewa a guje, sai ya zauna a ƙarƙashin kwari, masu lambu suka sami na ban-ruwan albasa da sauran kayan miya.

Sai dai aikin Keita ya ci kuɗi sosai, kuma wani ɓangarensa da manyan injuna aka yi. Abin da injin ya gina, idan ruwa ya fasa shi, ƙauye ba shi da ƙarfin mayar da shi. Tassa kuwa, wadda mutum zai haƙa da fartanyarsa ya zuba taki a ciki, ta bazu a gonakin jihar Tawa daga maƙwabci zuwa maƙwabci, domin mai gona yana ganin bambancin a damin geronsa.

Kuɗin nan kyauta ne ko bashi?

Wannan tambaya ce da ya kamata a yi tun a zaman farko, don ana yawan cakuɗa su. Ɗauki shirin ACReSAL na Najeriya, na farfaɗo da ƙasar da ta lalace. Bankin Duniya ya amince da shi a Disambar 2021, dala miliyan 700, don jihohin Arewa 19 da Abuja, da burin farfaɗo da kadada miliyan ɗaya. Kuɗin rance ne mai sauƙin sharuɗɗa, ƙasa za ta biya. Da ya iso ƙauye kuma yakan rabu: aikin toshe kwazazzabo ko dashen itatuwa ba a bin kowa bashinsa, amma akwai asusun juyawa na dala dubu 25 da ake ba ƙungiyoyin al'umma, wanda manomi zai karɓa ya yi noma ya mayar, na bayansa ya karɓa, kamar adashi. Idan aka bar mutane suka ɗauka rabon gwamnati ne, asusun ba zai ga zagaye na biyu ba, kuma waɗanda ba su shiga sahun farko ba su ne aka zalunta.

Mu da ke ƙasan kogi fa, ina ruwanmu da aikin da ake yi a sama?

Mutanen Haɗeja da Nguru da Gashuwa sun fi kowa sanin amsar. Da aka gina madatsar Tiga a 1974, aka ƙara da ta Challawa a 1992, ambaliyar damina da ke shayar da fadamar Haɗeja zuwa Nguru ta ragu, ruwa kuma ya koma gudana kaɗan-kaɗan duk shekara. Wannan ya yi wa ciyawar kacalla daɗi. Ta toshe hanyoyin ruwa, wani gari ambaliya ta cinye gonakinsa, wani kuma kogi ya daina isa gare shi, ga tsuntsayen jan-baki sun sami maɓoya suna far wa shinkafa. Masunta da manoma sun sha yin gayya, su shiga ruwa har ƙirji da lauje suna yanke ta.

A 2006 gwamnonin Kano, Jigawa, Bauchi, Yobe, Borno da Filato suka amince da kafa asusun amana na kogunan Haɗeja, Jama'are da Komadugu-Yobe, domin babu jihar da za ta iya gyara kogin ita kaɗai. Tunanin daidai ne. Tallafin da ya buɗe hanyar ruwa guda yana iya dawo da kamun kifi da noman shinkafa da mashayar dabbobi lokaci ɗaya, amma kacalla tana sake tsirowa, don haka kuɗin da aka ware na yankan shekara ɗaya kawai bai warware komai ba.

Makiyaya suna ciki?

Sau da yawa a takarda kawai, kuma nan ne abin ya fi damuna. Fakon da kowa ya raina, wurin kiwo ne ko burtali. Ranar da aka farfaɗo da shi ya yi kyau, sai masu shi su bayyana, a kewaye shi, a ce kada dabba ta shiga. An gyara ƙasa an kuma shuka rigima. Nijar ta kafa dokar filayen karkara a 1993, da kwamitocin filaye da ke iya rubuta matsayin wuri kafin a taɓa shi. Ko ina ne, a zauna da arɗo da dagaci da matan da za su yi aikin, a rubuta na wane ne wurin da wanda zai yanki ciyawarsa, tun ba a sa diga a ƙasa ba.

Idan aka zo garinmu da irin wannan shiri, me za mu nema?

Ku nemi a karanta muku yawan kuɗin a bainar jama'a, a kuma liƙa shi a ƙofar fada ko makaranta. Ku tambayi nawa ne ladan yini, kuma 'yan gari za a ɗauka ko ɗan kwangila zai zo da mutanensa. Sannan ku matsa a kan shekarar da aikin zai ƙare: wa zai gyara datsiya idan ta fashe, da wane kuɗi, kuma a hannun wa asusun gyaran zai zauna. Idan jami'in ya ce za a duba wannan daga baya, ku roƙi a sa shi cikin yarjejeniya kafin mai gari ya sa hannu.