Barin aikin motar asibiti don karatun likita: amsar tambayoyin da kuke ta yi mini

Shekara tara na yi ina aikin faramedik, wato mai ba marar lafiya taimakon gaggawa, a bayan motar asibiti a nan Jos kafin na koma aji, yanzu ina aji biyar a karatun likita. Tun daga lokacin ba satin da zai fita wani tsohon abokin aiki bai tare ni ba, ko a ƙofar masallaci, ko wajen mai shayi a Farin Gada, ko ya bugo mini ƙarfe sha ɗayan dare, kuma tambayoyin su ne dai su ne. To ga su nan wuri ɗaya, dan Allah a karanta kafin a kira ni.

Shekara nawa ake yi?

Shida in ka shiga ta jarrabawar JAMB, biyar in ka samu DE, wato shiga kai tsaye da takardar wani karatun da ka riga ka yi, ka fara daga aji biyu. Sai shekara ɗaya ta horo a asibiti kafin MDCN, hukumar da ke kula da aikin likitoci a Najeriya, ta ba ka cikakken lasisi. Wannan fa in ba a yi yajin aiki ba, na 2022 kaɗai wata takwas ya ci.

Za a rage mini shekaru tunda na daɗe ina aikin ceto?

A'a. Ko kwana ɗaya.

Shekarata 34, ban yi tsufa ba?

Ba ka yi ba ɗan'uwa, ina da 33 na shiga. Satin farko wata yarinya da ba ta wuce sha bakwai ba ta miƙe ta ba ni kujera ta ɗauka ni ne malamin, daga baya ita ce ta zauna ta warware mini lissafin kemistiri da na manta tun sakandare. Kwakwalwa tana dawowa, wata uku na farko ne da wuya. Ku daina tambayata shekaru, ku tambaye ni kuɗi.

Difloma ɗina ko HND za ta ba ni DE?

Kowace jami'a da ƙa'idarta, kuma ƙa'idar tana canjawa. Ka buɗe kundin JAMB na shekarar da za ka nema, sannan ka taka da ƙafarka zuwa ofishin adimishan ka tambaya, kar ka dogara da "an ce". Kafin ma nan ka ciro takardarka ta WAEC ko NECO ka duba: kiredit a Turanci, lissafi, bayoloji, kemistiri da fiziks, wurare da yawa a zama ɗaya suke so. Mutum uku na sani da suka yi ta mafarkin likitanci shekara da shekaru alhali fiziks ɗinsu fas ne. In babu, ka sake zanawa, ba abin kunya ba ne.

Ina da mata da yara uku, in ajiye aikin ne ko yaya zan yi?

Yauwa, wannan ita ce tambayar, kuma gaskiya ba ni da amsa ɗaya da za ta yi wa kowa daidai. Abu ɗaya dai da ba na ja da baya a kansa: kar ka rubuta takardar ajiye aiki sai takardar adimishan tana hannunka, ta JAMB ɗin, kuma ka ga an rubuta MBBS, wato digirin likita, a jiki. Guraben kaɗan ne saboda MDCN ce ke ƙayyade wa kowace makaranta adadin ɗaliban da za ta ɗauka, mutum zai ci maki mai kyau a tura shi wani kwas ɗin daban. Na ga wanda ya ajiye aiki tun ranar da sakamakon JAMB ya fito, yau keke napep yake ja a Taminus, Allah ya buɗa masa.

Bayan wannan sai dai ya danganta. In ma'aikacin gwamnati ne kai, akwai hutun ƙaro karatu, mai albashi da marar albashi, to ka fara neman wannan kafin komai. Amma kar ka sa rai da yawa a kan mai albashin, shekara biyar ko shida hutu ne mai tsawo, wani wurin za su ce karatun bai shafi aikin da aka ɗauke ka ba, in ma sun yarda za su sa ka sa hannu cewa za ka dawo ka yi musu wasu shekaru, ka karanta takardar nan da kyau kafin ka sa hannu. Ni marar albashi na samu, bayan fayil ɗina ya yi wata bakwai yana yawo daga tebur zuwa tebur, kuma duk da haka na gode Allah don aƙalla na san in abin ya faskara akwai inda zan koma. In kuma kamfani ko asibitin kuɗi kake wa aiki, yawanci ba wannan zancen, ajiyewa ce kawai.

Sannan ka zauna da matarka, da biro da takarda, ba hirar bayan isha'i ba. Mu mun zauna a tabarma da littafin makarantar babban ɗanmu muka yage tsakiya, muka rubuta hayar gida, kuɗin makarantar yara, abinci, magani, gawayi, har kayan sanyin yara don kun san Jos a watan Disamba, muka ninka kuɗin shekara ɗaya sau bakwai muka ƙara wani abu saboda tsada. Da ta ga jimillar shiru ta yi, can ta ce "Baban Abba, keken ɗinkina zai riƙe cefane, haya kuma ka nemo mai ɗauka." Yayana ya ɗauki hayar shekara uku, na sayar da filin da nake da shi. Ba don su biyun ba da tuni na dawo. Akwai bashin karatu na NELFUND ga ɗaliban makarantun gwamnati, yana biyan kuɗin makaranta da ɗan abin kashewa naira dubu 20 a wata, yana taimakawa amma ba zai ciyar da gida mai mutum biyar ba, kuma bashi ne sai an biya.

To in lissafin bai fita ba fa? Wataƙila ka jinkirta shekara biyu ka tara, wataƙila sai ƙaramin ya shiga firamare, wataƙila kuma amsar ita ce a'a, ka zurfafa a aikin da kake. Ba zan yanke maka ba don ban san aljihunka ba ban san danginka ba. Amma in har shirinka gaba ɗaya shi ne "Allah zai rufa asiri" ba tare da ka rubuta ko lamba ɗaya ba, to hakkin yaran nan kake shirin ɗauka, ka yi istihara kuma ka yi lissafi.

Zan iya haɗa aikin dare da karatun?

A aji ɗaya, da ƙyar. Daga aji biyu zuwa babbar jarrabawar anatomi da fiziyoloji da bayokemistiri, manta kawai. Na gwada, na yi barci a tsaye a ɗakin gawa ina riƙe da wuƙar fiɗa. In an fara zagayen wod kuma, wato ɗakunan da ake kwantar da marasa lafiya, kai da lokacinka sai hutu.

Ƙasar waje ba ta fi sauƙi ba?

Da wace dalar? Kuma in ka dawo sai ka ci jarrabawar MDCN kafin ka taɓa marar lafiya.

Ni raini ne ya ishe ni, kana kawo marar lafiya a ɗauke ka kamar direba.

Na sani, an yi mini. Na taɓa ɗauko mutum daga Hawan Kibo, tirela ta danne ƙaramar mota, na tsayar masa da jinin cinya na sa masa ruwa muka taho ina matse da jakar iskar da ke taimaka masa numfashi har cikin gari, muna isa wani asibiti likitan ko kallona bai yi ba balle ya ji bayanin da na riƙo. Ranar na ji ciwo ƙwarai. Amma ƙanena haushi ba ya kai mutum aji uku. Ɗalibin likita ma tsawa yake sha a gaban marasa lafiya, sau da yawa daga wanda ka girma da shekara goma, kuma dole ka ce "to ranka ya daɗe". In abin da ke cinka shi ne kana miƙa mutum a ƙofar imajansi ka tafi kana son sanin me ya faru da shi bayan nan, me ya sa aka ba shi wannan maganin ba wancan ba, to wannan dalili ne da zai riƙe ka. Kuma ku daina raina aikinku da bakinku, mutumin Hawan Kibo da ƙafarsa ya zo har ofis ya yi mana godiya.

Aikin motar ya amfane ka a makaranta?

A shekarun farko kusan babu. A wod kam sosai, ina samun jijiya a hannun yaron da gudawa ta busar, kuma jini ba ya firgita ni. Sai dai ka koyi yin shiru, ba kullum za ka ce "a mota ba haka muke yi ba".

Zan yi bautar ƙasa?

In ka haura 30 ranar da ka gama, takardar yafewa za su ba ka. In ka taɓa yi da HND ɗinka, ba a yi sau biyu.

Ni mace ce, da goyo.

Akwai biyu a ajinmu 'yar'uwa, kuma suna cin jarrabawa. Ki tabbatar da mai riƙe miki jaririn daga bakwai na safe zuwa magariba, da kuma daren da za ki kwana a asibiti, sannan ki sayi fom.