Kafin duba-gari ya yi sallama a ƙofar gidanku

Da zarar mai unguwa ya sanar cewa duba-gari za su zagayo, abin da ake fara ɗauka tsintsiya ce. A share ƙofar gida, a yayyafa ruwa, a tsince ledojin da ke bakin zaure. Madalla da wannan. Sai dai mu jami'an tsaftar muhalli abin da ke kawo mu gida-gida shi ne bin sawun ƙazanta, daga masai har zuwa bakin yaro, mu ga inda za a tare ta. Ku fara shiri daga nan.

Randar ruwa za mu fara buɗewa. Uwargida, sa yatsa ki shafa cikinta: in kin ji santsi, ta daɗe ba ta ga wanki ba. A juye ruwan, a dirje ta, a samo mata murfin da ya rufe bakinta ruf. Moɗa kuwa ita ce babbar damuwata. Yaro ya fito daga wasa a bakin kwata, ya ɗauki moɗar da ke yashe a ƙasa, ya zura ta har da hannunsa, ya sha, ya mayar. Shi ke nan, ruwan gida duka ya gurɓata. A ware moɗa guda mai dogon mariƙi, a rataye ta, a riƙa ɗiba da ita ana zubawa a kofi. Ruwan 'yan garuwa, tunda ba ku san inda aka ɗebo shi ba, a tafasa shi, ko a sa maganin tsabtace ruwa a jira minti 30 kafin a sha.

In akwai rijiya, za mu duba murfinta, da daɓen bakinta, da inda ake ajiye guga. Ƙa'ida ita ce a samu tazarar kamar mita 30 tsakanin rijiya da masai. Na san a gidajen cikin birni da wuya a samu wannan filin, to ruwan irin wannan rijiya na wanki ne da wanke-wanke, kada a sha shi sai an tafasa. A 2021 mutum fiye da 100,000 aka yi zargin sun kamu da amai da gudawa a Najeriya, fiye da 3,000 suka rasu, kuma Bauchi da Kano da Jigawa na cikin jihohin da abin ya fi shafa. Ta ruwan sha da abinci cutar ke shiga gida.

Masai ya kasance da murfi, don ƙudan da ya fito daga ramin kan tuwo zai sauka. A liƙe daɓen da ya tsage. In ya kusa cika, a kira masu yashewa tun yanzu, ba a fafe gora ranar tafiya. Kashin yara ma a zuba shi a masai, a wanke fo. Da yawa suna ɗaukarsa ba komai ba, alhali yana ɗauke da ƙwayoyin cuta kamar na babba. A ajiye sabulu kusa da buta, in babu ko toka ce.

Sai ruwan da ke kwance. Tsohuwar taya, gwangwani, fasasshen tulu a bayan ɗaki: sauro kan tashi daga ƙwai zuwa mai cizo cikin mako guda zuwa kwana 10. A kife su. Kwatar ƙofar gida a yi magana da maƙwabta a yashe ta tare, kuma kada a bar abin da aka yaso a gefe, ruwan sama zai mayar da shi. A Kano, Asabar ɗin ƙarshen wata, daga ƙarfe 7 zuwa 10 na safe, don irin wannan aikin aka ware ta.

Za mu leƙa bayan buhunan hatsi neman kashin ɓera. Zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a garin Lassa na Borno a 1969, ta fitsari da kashin ɓera yake kama mutum. A toshe ramuka, a zuba gari da hatsi a mazubi mai murfi.

Ranar da muka zo, ku nemi ganin katin shaidarmu, haƙƙinku ne. In gidan na kulle ne, maigida ya raka mu, ko ku nemi jami'a mace ta shiga. Kada ku miƙa wa kowa kuɗi a zaure. In an ga abin gyara, takardar gargaɗi ake fara bayarwa da wa'adi, wanda ya yi biris da ita ne ke gurfana a kotu. Masu haya kuma, kada ku ɓoye mana masan da ya rufta don jin nauyin mai gidan. Ku nuna mana, mu san wanda za mu rubuta wa takardar.